Mi Ƙarhen Ya Ce? Fashin Baƙi Kan Koya wa Ɗalibai Auna Cikin Ƙasa a Yamai

Wata safiya cikin watan Janairu, a wani fili gabas da Yamai, ɗalibai goma sha biyu ƴan shekarar ƙarshe ta lisansi sun shimfiɗa waya mita 200, sun kafa turakun ƙarfe huɗu a jere, sun tsugunna kan akwatin na'ura kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Can gefe, a inuwar gawo, wani dattijo Ba'adare wanda ya tsufa cikin ginar rijiya yana kallonsu bai ce uffan ba. Da lamba ta fito a fuskar na'urar, ɗaya daga cikin samarin ya miƙe da murna.

"Malam, akwai ruwa!"

Dattijon ya matso yana dogara sanda. "Yaro, mi ƙarhen ya ce ma?"

"Ya ce 14, Baba."

"To, sha huɗu na ji. Ruwan kuma wa ya ce ma?"

Ni nake rakiyar ɗaliban a ranar, kuma har yau ban ji wanda ya dunƙule darasin jewofizik, wato ilimin auna cikin ƙasa da na'ura, kamar tsohon nan ba. Na'ura ta ce 14, ɗalibi ne ya ce ruwa. Daga lambar zuwa kalmar akwai tafiya mai nisa, kuma ita wannan tafiyar ce ake fita fili domin a koyar. Latsa madanni ba ya cin fiye da wuni guda a iya shi.

Ɗalibin jewoloji, wato ilimin duwatsu, ya saba da abin da ido ke gani. Shekara biyu ana koya masa ya fasa dutse da guduma, ya duba ƙwayoyinsa da madubin hannu, ya ɗiga masa asid ya ga ko zai yi kumfa, har ya lasa in ta kama. Dutse na hannu, gardama ta ƙare. Jewofizik kuwa tafiyar makaho ce da sanda: ba ka ganin abin, sai dai ka ƙwanƙwasa ka saurari amsa. Ko dai ka tura lantarki ko girgiza cikin ƙasa ka auna yadda suka dawo, ko ka auna ƙarfin maganaɗisu da jan nauyi waɗanda dama suna nan tun fil azal. Daga lambobin sai ka yi hasashen abin da ke kwance a ƙarƙashinka. Inda gizo ke saƙar shi ne lamba ɗaya tana iya fitowa daga abubuwa dabam-dabam, kuma babu lissafin da zai raba su in ba a kawo masa wani sani daga waje ba. Wannan sanin na waje shi ne jewolojin da ɗalibin ya riga ya karanta, amma abin mamaki, da zarar ya ga na'ura mai fitila sai ya ajiye shi a bakin fili kamar takalmi a ƙofar masallaci.

A Nijar sana'ar ba ado ba ce. Tun da aka gano yuraniyom a Azelik cikin 1957, ma'aunin tururin nan marar ganuwa da duwatsu masu yuraniyom ke fitarwa yake cikin kayan masu bincike a arewa, har aka soma haƙo a Arlit cikin 1971. Man Agadem da aka fara tacewa cikin 2011 da sismik, wato tura girgiza cikin ƙasa a saurari dawowarta, aka zana shimfiɗun da yake ɓoye. Zinariyar Samira da aka buɗe a 2004 tana cikin tsofaffin duwatsun Liptako. Amma mu faɗi gaskiya, akasarin waɗanda za su fito da lisansi ba kamfanin mai ne zai kira su ba. Tambayar da za a riƙa yi musu ita ce ta maigari: ina za a haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse? Foraj guda miliyoyin sefa yake ci, kuma in ya fito busasshe ba kuɗin kaɗai aka binne ba, har da amanar mutanen gari, waɗanda matansu za su ci gaba da sammakon ɗibar ruwa a nesa.

Allah ya yi wa Yamai wata baiwa da malaman wasu ƙasashe sai sun yi tafiyar kwanaki kafin su samu. Kogin Kwara yana bin kusan iyakar ƙasa iri biyu. Yamma da shi, wajen Liptako da Gurma, tsohon dutsen tushe ne, giranit da shist masu shekaru wajen biliyan 2. Irin wannan dutse ba ya shan ruwa. Ruwa yana samuwa ne kawai a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagoginsa, shi ya sa foraj biyu da tazararsu ba ta wuce jifa ba, ɗaya ya ba da ruwa ɗaya ya ba da ƙura. Gabas da kogin kuwa nan ne bakin babban kwarin Iwillimmidan, wanda ya miƙa har Sakkwato da Mali: yashi da yumɓu shimfiɗa kan shimfiɗa, suna ƙara kauri in ana yin gabas, marmara ta rufe kan tudu kamar hula. Jami'ar Abdu Mumuni tana Harobanda, ƙetaren gadar Kenedi, kuma tuddan nan uku da ake yi wa laƙabi da ƴan'uwa mata uku suna nuna yadda ragowar shimfiɗun suka hau kan tsohon dutsen. Cikin tafiyar awa guda ɗalibi zai iya auna duniya biyu da na'ura ɗaya, ya ga da idonsa cewa lamba ɗaya ba ma'anarta ɗaya ba a gaɓar dama da gaɓar hagu.

Hanyar lantarki ce uwa, kuma a kanta ya kamata a daɗe. Bafaranshen nan Konrad Shilumbarje, malami a makarantar ma'adinai ta Paris, ya fara gwada ta cikin 1912 a filin gidansu a Normandi. Ba'amurke Farank Wena ya wallafa nasa tsarin cikin 1915. Har gobe sunayensu biyu ɗalibai ke kira a fili. Turaku huɗu ne a layi ɗaya. Biyun waje, A da B, su ke tura lantarki cikin ƙasa. Biyun ciki, M da N, su ke auna bambancin ƙarfinsa tsakaninsu. Abin da ake nema shi ne turjiyar ƙasa, wato yadda take ƙin barin lantarki ya ratsa ta, kuma da om-mita ake ƙirga ta. A tsarin Wena tazarar turakun daidai take. Idan mita 10 ce, ana ninka ta da 6.28 a sami 62.8. Ka tura miliampa 100, ka karanta milibolt 50 tsakanin M da N, rabawar ta ba ka rabin om; ka ninka da 62.8, ka sami om-mita 31.4. Lissafin ke nan gaba ɗaya, ɗan aji uku na kwaleji zai yi shi.

Sai dai wannan 31.4 ba turjiyar wani dutse guda ba ce. Gauraye ne na duk abin da lantarkin ya ratsa, daga busasshen yashin sama zuwa abin da ke can ƙasa, shi ya sa ake ce mata turjiyar zahiri. In aka ƙara buɗa A da B, lantarkin yana ƙara nitsewa, kuma a kirdado zurfin da ake taɓawa bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na tsawon wayar ba. Buɗawa a kai a kai daga tsakiya guda shi ne sondaj, yana ba da labarin zurfi. Tafiya da tsarin gaba ɗaya ba tare da sauya tazara ba shi ne tirene, yana ba da labarin gefe da gefe, kuma shi ake nema da shi tsaga a dutsen Liptako. Na'urorin zamani masu turaku 48 ko fiye suna haɗa biyun su fitar da hoto mai launi, wanda zan dawo kansa.

Yanzu ga 14 ɗin nan. Galibin duwatsu ba su ke ɗaukar lantarki ba, ruwan da ke cikin kofofinsu ne, gwargwadon gishirin da ya narke a ciki. Lafiyayyen giranit yana ba da dubbai. Busasshen yashi da marmara ɗaruruwa zuwa dubbai. Yashi mai ruwan daɗi daga gomiya zuwa ɗaruruwa. Ruwan teku kuwa kashi ɗaya cikin biyar na om-mita guda. Matsalar ita ce yumɓu: shi ma yana saukar da turjiya ƙasa da 20, alhali ko ya jiƙe sharkaf ba ya sakin ruwansa ga guga. Wanda ya ga ƙaramar lamba ya yi kabbara, sau da yawa laka ya gano. A tudun gabas da Yamai ma abin ya fi haka juyewa, domin ruwan shimfiɗar yashin nan gishirinsa kaɗan ne ƙwarai, saboda haka yashin da ke ɗauke da shi turjiyarsa ba ta faɗuwa sosai, yumɓun da ke ƙarƙashinsa ne ke faɗuwa. A Dallol Foga, inda mutane suka gaji dafa gishiri, ko a wuraren kanwa na Dallol Boso, wannan 14 ɗin tana iya zama ruwa da gaske, amma ruwan da ko jaki sai ya kau da kai. Yumɓu, ruwan zartsi, ko bututun ƙarfe da aka binne aka manta: duka uku suna iya sa na'ura ta ce 14.

A nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi game da tsarin koyarwa, kuma na san ba kowane malami zai yarda ba. Kada a fara kai ɗalibi inda ba a san amsa ba. Sondaj ɗinsa na farko ya zama a gefen rijiya ko foraj da aka san cikinsa: an san zurfin ruwa domin an zura igiya an auna, an san shimfiɗun domin akwai takardar haƙa, ko akwai maginin da ya shiga da jikinsa. Ko kuma a saman ramin da ake ɗibar marmara ko yashi, inda bangon ramin ke nuna komai a buɗe. Kafin a kunna na'ura, kowane ɗalibi ya zana a karnensa yadda yake tsammanin layin turjiyar zai tafi: zai fara sama ya sauka? Zai sauka ya sake hawa in ya taɓa dutsen tushe? A wace tazara? Ya sa hannu, a karɓa. Sannan a auna. Wanda zanensa ya saɓa da awon ya fi kowa ƙaruwa ranar, domin dole ya nemo inda tunaninsa ya karkace. Wanda bai yi hasashe ba kuwa duk abin da na'ura ta fitar daidai ne a wurinsa, ya koma gida kamar yadda ya zo.

Maginan rijiya, ta wannan fuska, littattafai ne da ba a shigar cikin manhaja ba. Tsohon nan na Adar yana iya lissafa maka cewa gaba kaza ja ce, gaba kaza fara mai laushi, nan aka ci karo da fa aka kwana uku ana sara, nan ƙasa ta soma sanyi a tafin hannu. Ɗalibin da ya iya zama ya gaishe shi yadda ya kamata, ya mayar da gaba zuwa mita, ya sami abin da babu wata kwamfuta da za ta ba shi.

Aikin fili kansa yana da nasa horo, kuma ƙananan abubuwa ne ke ɓata shi. Cikin rani yashin sama ya bushe ƙayau, lantarki ba ya shiga, na'ura ta yi ta kuka. Maganin tsoho ne: a buga turken da kyau, a zuba masa ruwan gishiri, shi ya sa bidon da ƙullin gishiri suke cikin kayan aiki daidai da batir. A tsarin Shilumbarje, inda M da N ke zama kusa da juna a tsakiya, tazararsu takan fara da mita guda; a kuskure da santimita 10 kawai, sakamakon ya kauce da kusan kashi 10 cikin ɗari, kuma babu abin da zai nuna maka a fuskar na'urar. Wayar da akuya ta tauna, ko ta goge a kan dutse, tana zubar da lantarki a hanya ta ba ka lambar ƙarya mai kyan gani. Layin da aka shimfiɗa kusa da shingen waya ko turakun wutar gari shi ma haka. Sannan ga haɗari: na'urar tana iya fitar da ɗaruruwan bolt. Duk inda aka shimfiɗa waya a ƙasar nan yara za su taru, makiyayi zai ratso da garke. Dole kowane turken waje ya sami mai tsaro, kuma ba a latsawa sai an yi kira an amsa daga ɓangarorin biyu. Na fi son a rasa awo goma da a taɓa yaro guda.

Akwai kuma wata al'ada da ke shiga rukuni ba a gayyace ta ba. Mai ƙarfin baki ya zauna kan na'ura, masu ƙarfin jiki su ja waya su buga guduma, a miƙa wa ƴan mata karne da bik a ce su rubuta. In malami bai sa ido ba, sati zai ƙare kowa yana inda ya fara. Juyawa dole ce: kowa ya riƙe na'ura, kowa ya ja bobin cikin rana, kowa ya rubuta. Mai rubutu ma ba ɗan kallo ba ne, shi ne alƙalin fili. A hannunsa takardar logaritim take, wato takarda mai layuka da ake zana layin turjiya a kanta, kuma kowace lamba da ta fito sai ya lissafa ya ɗiga ta nan take kafin a matsar da turke. Layin sondaj na gaskiya a hankali yake lanƙwasa. In ɗigo ya yi tsalle shi kaɗai, ba ƙasa ce ta yi tsalle ba, wani ne ya tsaya a mita 45 maimakon 50. A fili gyaran minti biyu ne. In sai an koma Yamai aka gani, ya zama tarihi.

Da wannan nake jinkirta kwamfuta. Ba ƙyamarta nake ba: manhajoji irin su IPI2Win ko pyGIMLi kyauta ake samunsu, kuma suna yin cikin daƙiƙa abin da magabata ke kwana suna yi da zanannun layukan gwaji. Illarsu ga sabon shiga ita ce ba sa jin kunya. Ka ba su shara, su ba ka hoto mai shuɗi da ja, da lamba har da ɗigo biyu bayan waƙafi. Gwaji ɗaya nake so kowane ɗalibi ya yi da hannunsa. Ya ɗauki shimfiɗar yumɓu mai kauri mita 10 da turjiya 20, a tsakanin shimfiɗu biyu masu turjiya babba, ya sa manhaja ta zana layinta. Sannan ya mayar da ita mita 5 da turjiya 10. In shimfiɗar tana da ɗan zurfi, layukan biyu kusan hawa kan juna suke yi, domin abin da lantarki ya ji shi ne kauri a raba da turjiya, kuma duka biyun rabi suke bayarwa. Ranar da ɗalibi ya ga haka, ya daina rubuta "dutse yana mita 23.47". Ya fara rubuta "tsakanin 20 da 27, in yumɓun nan irin na rijiyar makaranta ne".

Maganaɗisu ya fi sauƙin ɗauka, mutum ɗaya da sanda yana tafiya, amma yana da wani tarko da ya keɓanta da mu. Ƙarfin maganaɗisun duniya, wanda da nanotesla ake ƙirga shi, yana kaiwa daga 25,000 zuwa 65,000 gwargwadon wuri. A nan yana tsakanin 30,000 da 35,000. Yawancin zanen da ke cikin littattafan koyarwa an yi su ne domin Turai da Amurka ta Arewa, inda layukan ƙarfin ke nutsawa ƙasa a tsaye-tsaye, dutse mai ƙarfe ya nuna kansa da tudu a kan zane. Yamai kuwa tana kusa da layin da ƙarfin ke kwance kusan shimfiɗe. A irin wannan wuri, dutsen da ya ɗauki maganaɗisu daga duniya galibi rami yake nunawa a samansa, tuddan su koma kudu da arewa da shi. Ɗalibin da ya haddace zanen littafi zai nuna wurin da ba shi ba da cikakken ƙarfin hali. Ƙari a kan haka, kusa da wannan layin akwai wani kwararon lantarki a sararin sama da ke ƙarfi da tsakar rana, har sauyin yini kan iya wuce nanotesla 100. In ba a ajiye ma'auni na biyu a wuri guda yana rubuta sauyin ba, ko a riƙa komawa tasha ɗaya lokaci-lokaci, sai a zana tafiyar rana a ɗauka jijiyar dolerit ce, wato baƙin dutse mai maganaɗisu. Game da salula a aljihu, makullin babur da ƙarfen ɗamara kuwa, ba na gargaɗi. Nakan bar mai awo ya karanta, in ce abokinsa ya matso da makullansa, ya sake karantawa.

Sismik na guduma ɗalibai sun fi so, domin akwai bugu a ciki. Faranti a ƙasa, guduma mai nauyi, kunnuwan ƙasa 12 ko 24 a jere suna jiran isowar girgiza. Cikin busasshen yashi tana tafiyar mita ƴan ɗaruruwa a daƙiƙa, cikin yashi mai ruwa wajen 1,500 ko fiye, cikin lafiyayyen giranit 5,000 zuwa 6,000. Kunnuwan kusa suna jin wadda ta bi sama. Na nesa kuwa wadda ta nutsa ta bi shimfiɗa mai sauri ce ke riga isa gare su, kamar mai mota da ya zaga ta kwalta ya riga mai ratse ta cikin yashi. In saman yana da gudun 500, ƙasan 2,000, kuma tserewar ta faru a mita 20, iyakar tana wajen mita 8. Sharaɗin hanyar shi ne gudu ya riƙa ƙaruwa da zurfi. A kan tudun marmara sharaɗin ya karye tun daga sama: hular tana da tauri da sauri, abin da ke ƙarƙashinta laushi ne, sai ya ɓace wa awon ɗungum. Ina ganin ya dace a kai ɗalibai can da gangan, su sha rana su dawo da awon da ba ya fassaruwa, su gane cewa hanya tana da inda ba ta aiki.

Sauran hanyoyin a lisansi gabatarwa ta isa. Ma'aunin jan nauyi yana da tsada da saurin fushi, kuma hawan mita guda kaɗai yana sauya karatunsa da kusan kashi uku cikin goma na miligal, abin da ake ƙirga jan nauyi da shi, saboda haka rabin aikin auna tsayi ne. Radar ɗin ƙasa yana gani tar a busasshen yashi, ya makance a yumɓu. Ma'aunin tururin yuraniyom, toriyom da potasiyom ba ya jin abin da ya wuce ƴan santimita gomiya na sama.

Wanda ke son misali na yadda ake haɗa hanyoyi bai buƙatar ƙetare teku. A Wankama, kilomita 60 zuwa 70 gabas da Yamai, masu bincike na Nijar da na cibiyar bincike ta Faransa mai suna IRD sun shafe shekaru suna bin wani abin ɗaure kai: ruwan ƙarƙashin ƙasa a yankin ya hau da wajen mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da farin shekarun 1970 da 1980. Dalilin da suka gano shi ne sarar daji domin gonakin hatsi ta sa ƙasa ta yi fako, ruwan sama ya daina shiga inda ya faɗi, ya gangara ta korai zuwa tabkuna, daga nan ya tsiyaya ƙasa. Ba na'ura ɗaya ta faɗi haka ba. An haɗa awon rijiyoyi na shekara da shekaru da awon lantarki, da wata hanya mai jin ruwan kansa ta maganaɗisun ƙwayoyinsa, har da ma'aunin jan nauyi. Igiyar da ake zurawa cikin rijiya ita ce ta fara tona zancen.

Akwai abubuwan da suka fi ƙarfin malami. Lokacin da jiki ke jure fili, Disamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da ƙasa ta bushe; Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, batir da mutum duk suna sanyin gwiwa; damina kuma gonaki sun rufe, ba mai barinka ka ja waya cikin hatsinsa. Tun Maris na 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a sassan jihohin Tilaberi da Tawa, kuma wuraren Liptako da suka fi kyan koyarwa suna cikin inda ba a kai ɗalibai da wasa. Na'ura irin Syscal ta Faransa ko Terrameter ta Suwidin kuɗinta ba na wasa ba ne. Amma batir, na'urar ɗaga ƙarfin wuta da ma'aunan lantarki biyu na kasuwa suna isa a nuna ƙa'idar a kan tazara gajera, kuma ɗalibin da ya haɗa su da hannunsa ba zai sake ɗaukar akwatin a matsayin tsafi ba. Fita kaɗan-kaɗan kusa da gari, rukuni ƙanana, ta fi babbar fita guda a shekara inda mutum sittin ke kewaye da akwati ɗaya.

Ya kamata kuma a gaya wa ɗan Tawa gaskiya tun yana aji. A Adar, ƙarƙashin farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Malbaza da yumɓun da ke tare da ita, babban ruwan yana can zurfin ɗaruruwan mita. Sondaj da zai taɓa shi sai an shimfiɗa waya ta kilomita, kuma yumɓun sama zai shanye lantarkin kafin ya isa. A can takardun tsofaffin foraj da taswirar shimfiɗu su ne jagora. Turakunsa za su yi masa rana ne a cikin kwaruruka irin Majiya da Keita, inda yashin da ruwa ya tara ba shi da zurfi. Cewa "wannan aikin ba na na'urar nan ba ne" amsa ce ta masani, kuma in ba a ba da maki a kanta ba, babu ɗalibin da zai koyi faɗinta.

Batun maki shi ne ya rage. In kyan hoto ake saka wa, hoto za a kawo. Ni karne nake fara buɗewa: kwanan wata, alƙiblar layi, inda aka zuba ruwan gishiri, lambar da aka sake aunawa da dalili, shingen da aka gani a mita 60. Sannan in nemi fassara biyu ga awo ɗaya, da abin da za a yi a raba su. Saurayin nan mai kabbarar ruwa, a rahotonsa ya rubuta cewa 14 ɗin ko dai yumɓu ne ko ruwa mai gishiri, kuma ya fi karkata ga yumɓu, domin ya ɗanɗana ruwan rijiyar da ke kusa ya ji garɗi, kuma Baba ya ce a gaba ta tara suka shiga farar laka mai kama gatari. Ya nemi a maimaita layin cikin Satumba bayan ruwa ya sauka, a ga wane ɓangare na zanen zai motsa. Turakun tsakiya mun bar alamarsu da duwatsu da jan fenti, karnen kuma yana cikin akwatin na'urar, ƴan ajin da ke biye za su tarar da shi.